Ruwan Yekuwa amana ne

Yekuwa tana yankin Korama a jihar Damagaram, inda ruwan ƙasa bai yi nisa ba, shi ya sa lambunan rake da albasa suke raya gidaje a Magaria da Dungass. Amma duk rani, mata da yara ne ke shan layi da jarkoki a bakin rijiya. Yanzu famfo mai aiki da hasken rana ya shigo, kuma alheri ne, sai dai yana zuƙo ruwa yini guda ba gajiya. Idan kowa ya haƙa burtsatse ba tsari, rijiyar talaka ce za ta fara ƙafewa. Ko a Amurka, jama'a na kukan ruwan da manyan rumbunan kwamfuta ke sha don sanyaya injuna. A nan gida kuwa, tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ake ta zancen ƴancin kai, ga matatar SORAZ tana tace mai a jihar Damagaram tun 2011. Ni dai roƙona ga hukuma shi ne a auna ruwan ƙasa, a tsara haƙa, a sa kuɗin mai cikin ruwan sha na karkara.