Ra'ayinmu: Wuta a Shiroro, Duhu a Sabon Gari

Duk mutumin Jihar Neja da ke neman abinci a Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, ya san irin saƙon da kan zo daga gida in wata ya yi nisa. A da dai kuɗin hatsi ne da na makarantar yara. Yanzu kuwa an sami ƙari, watau kuɗin wuta da na gawayi, har da na cajin waya. Wannan ƙari ba daga sama ya faɗo ba, manufar gwamnati ce ta haife shi, shi ya sa muka ga ya kamata mu ce wani abu.

Abin mamakin shi ne babu jihar da ta kai Neja madatsun ruwa na lantarki. An buɗe Kainji a 1968, Jebba da ke kan iyaka da Kwara a 1985, Shiroro a 1990, sa'an nan aka gama Zungeru a 2023. In an haɗa ƙarfinsu a takarda ya wuce megawat 2,500, alhali abin da ƙasa duka kan samu a rana bai cika wuce megawat 5,000 ba. Amma mai shago a Sabon Garin Minna, wanda tsakaninsa da Shiroro ba wata tafiya ba ce, sai ya tayar da janareto kafin ya sanyaya lemo. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Ran 29 ga watan Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Ran 5 ga Fabrairu 2024 mata da matasa suka tare hanya a shataletalen Kpakungu cikin Minna suna kukan tsadar rayuwa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: ran 3 ga Afrilu 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya na masu rukunin A daga wajen naira 68 zuwa 225, daga baya aka ɗan rage.

Gwamnati ta ce ƙarin bai shafi talaka ba, wai kashi 15 cikin 100 ne kurum na masu amfani da wuta ke rukunin A, su ne aka yi wa alkawarin awa 20 a rana. To, mun ji. Amma ai layin wuta bai san mai kuɗi ba, bai san matalauci ba. In layin da ya bi ta unguwarku na rukunin A ne, da tela mai keke ɗaya da mai gidan bene farashinku guda. Yunit 100 a kan naira 225 ya kama 22,500, kusan sulusin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. In kuma layinku na ƙananan rukuni ne, an bar muku farashi mai sauƙi, sai dai wutar ce ba a gani. Mai walda da mai niƙa da mai aski su koma ga fetur, wanda shi ne mafi tsadar duka.

A tsarin farashin da aka fitar a 2020 an ware rangwame domin marasa ƙarfi: wanda bai sha fiye da yunit 50 a wata ba, naira 4 zai biya kowane yunit. Tunani ne mai kyau. Amma yaya za a san abin da mutum ya sha in ba shi da mita? Wanda ya san gidajen haya na Sabon Gari ya san ɗaki takwas ko goma kan rataya a waya ɗaya, takardar bil ta zo da ƙiyasi, mai gida ya raba ta bisa yawan ƙwan fitila, rigima ta tashi a kan wa ke da dutsen guga. Rangwamen bai taɓa leƙa irin wannan gida ba. Har tarar naira biliyan 10.5 NERC ta ci kamfanonin raba wuta a Fabrairun 2024 saboda zarce ƙa'ida wajen ƙiyasi. Saboda haka a ganinmu maganar mita ita ce ta fari, kowane mai haya da tasa, kuma kada a ɗora wa talaka kuɗin sayenta gaba ɗaya.

Yanzu dai babu sauran fakewa da Abuja. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kula da harkar wuta a cikin iyakarsu, a 2025 kuma aka miƙa wa hukumar Jihar Neja wannan iko. Har wa yau hedkwatar HYPPADEC, hukumar da aka kafa domin yankunan da ke ba da wutar ruwa, a Minna take. Gwamna Umaru Bago da 'yan majalisar jiha su ne za a tambaya.

Abin da muke so su duba da idon basira shi ne wutar hasken rana ta unguwa, ba ta mutum ɗaya a rufin gidansa ba, don wannan sai mai hali. Ba sabon abu ba ne a jihar. A Disamban 2019 aka buɗe ƙaramar tashar sola a ƙauyen Rokota cikin ƙaramar hukumar Edati, da taimakon Bankin Duniya, kowane gida da mitarsa, yana sayen daidai ƙarfinsa. Ku da ke Kudu ma kun gani da idonku a kasuwar Sura ta Ikko da ta Ariaria a Aba, inda aka ba 'yan kasuwa wutarsu ta dabam, haka nan kasuwar Sabon Gari ta Kano. Doka ta yarda unguwar da ke kan babban layi ta yi yarjejeniya da mai zuba jari da kamfanin raba wuta, sola ta riƙe rana, babban layi ya cike sauran. An yi haka a garin Toto na Jihar Nasarawa. Mene ne zai hana a gwada a Sabon Garin Minna, inda shaguna ke jere kuma mutane sun saba biyan kuɗi kullum?

Ba mu ce sola araha ce ba. Sau da yawa yunit ɗinta ya fi na babban layi tsada, sai dai bai kai na janareto ba. Kuma ba ta dafa tuwo. Tun da aka janye tallafin kananzir a 2016, gas kuma ya yi tsada, matanmu suka koma ga gawayi da itace, dazuzzukan Neja ne ke biyan wannan bashi. Mun kuma sha ganin fitilun titi na sola da aka kafa da ganga da kalangu, bayan shekara biyu batur ya mutu, babu mai gyara. Don haka in za a yi, a rubuta tun fari wanda zai karɓi kuɗi, da wanda zai sauya batur, da inda asusun gyara zai zauna, kuma masu unguwa da shugabannin 'yan kasuwa su sa hannu.

A Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin irin wannan aiki a Nijeriya. Kuɗi irin wannan wurin wanda ya zo da tsari a rubuce yake tafiya. Ƙungiyoyin 'yan Neja da ke Agege da Idi-Araba da Sabo ta Badun suna tara kuɗi domin biki da jana'iza da gyaran masallaci. Muna roƙonsu a taronsu na gaba su sa wannan magana a gaba, su naɗa mutum biyu ko uku su je Minna su ga mai unguwa, su ƙidaya shaguna da gidajen da ba su da mita, su kai takardar ofishin hukumar lantarki ta jiha, su kuma karɓi shaidar cewa an karɓa.