RA'AYINMU: Wayar ƙaramin ma'aikaci da kuɗin da ke zurarewa ba a sani ba

Duk wanda ya tsaya da sassafe a bakin titin Mararaba ko Kubwa ko Lugbe, ya dubi ma'aikatan da ke jiran motar shiga Sakatariyar Tarayya, zai ga kusan kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Yawancinsu saƙon ofis suke nema: ko an ɗage taro, ko maigida ya sauya lokacin fita, ko takardar da ake dako ta iso zauren WhatsApp na sashe. A shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya, layi ɗaya kan kai naira dubu 20, kiran minti ɗaya kuma naira 50, saboda haka waya kayan ƙawa ce ta masu hali. Yau ta zama kayan aiki, tamkar tebur da fayil da biro. Bambancin da ke akwai shi ne, tebur da fayil gwamnati ce ke sayensu, waya da katinta da datarta kuwa daga aljihun ma'aikaci suke fitowa.

Wannan nauyi ya ƙaru a watan Janairun 2025, sa'ad da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da saƙo da data da abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba. Kamfanonin ninki suka nema, bisa hujjar cewa sun shafe fiye da shekara goma ba su yi ƙari ba, alhali man dizal da kayan aikin da suke shigowa da su sun yi tashin gwauron zabo tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023. Hujjar tana da tushe, ba mu musanta ba. Sai dai ma'aikacin da saƙon tes ɗinsa ya tashi daga naira 4 zuwa naira 6 shi ne dai wanda cire tallafin man fetur ya ninka masa kuɗin mota, kuma mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira dubu 70 ne kacal. Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, NLC, ta yi barazanar zanga-zanga, aka zauna, aka kafa kwamiti, amma sabon farashin ya zauna daram.

Abin da ya fi damunmu a nan shi ne makomar mai ƙaramar buƙata: masinja, direba, akawu, mai tsaron ƙofa, hadimin da aikinsa bai wuce amsa kira da tura saƙo da duba sanarwar shigar albashi ba. A zahiri shi ya kamata ya fi kowa samun sauƙi, tunda kaɗan yake amfani da shi. Amma yadda aka tsara kasuwar, shi ne ke biyan farashi mafi tsada. Mai sayen data da yawa a lokaci guda yakan samu kowace giga da rahusa, kuma wa'adinta ya yi tsawo. Mai sayen ta kwana ɗaya yakan biya fiye da haka a kan kowace giga, sannan abin da ya rage ya ƙone in wa'adi ya cika. Lissafin ba shi da wuya: wanda ke sayen datar naira 200 kowace rana, yana ganin ƙaramin kuɗi ne, ya kashe naira 6,000 a wata, wato kusan kashi 9 cikin ɗari na mafi ƙarancin albashi. Ma'aunin da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yaɗa intanet ta gindaya kuwa shi ne, kada kuɗin ƙaramin tsarin data ya wuce kashi 2 cikin ɗari na matsakaicin kuɗin shigar wata. In aka ɗora wannan ma'auni a kan naira dubu 70, naira 1,400 ke nan. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido.

Matakin farko yana hannun ma'aikacin kansa, domin mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Kafin mutum ya tambayi wane kamfani ne ya fi araha, ya fara tambayar kansa nawa yake amfani da shi. Kowace babbar waya tana da wuri a cikin saitinta da ke nuna yawan datar da aka ci a wata da manhajar da ta ci ta. Wanda ya duba zai tarar cewa rubutaccen saƙo ba ya cin wani abin a zo a gani, kiran murya ta WhatsApp ma bai cika kai mega ɗaya a minti ba. Bidiyo ne ke lamushe data, domin kallon sa'a ɗaya na hoto mai kyau sosai kan iya cinye fiye da giga guda. Sauran kuma tana tafiya ne a ɓoye, ta hanyar manhajojin da ke sabunta kansu, da hotuna da bidiyon da ke sauka da kansu daga zaurukan dangi da na unguwa da na tsofaffin 'yan makaranta. Kashe saukar kai-tsaye a WhatsApp, da hana bidiyo kunna kansa a Facebook, da jinkirta sabunta manhajoji sai an samu intanet na ofis, sun isa su rage kuɗin wata ba tare da mutum ya rasa saƙo ko ɗaya ba. Wanda ya san ainihin buƙatarsa, tsarin wata guda mai daidai da ita ya fi masa sayen gutsuri-gutsuri.

Akwai kuma 'yan lambobin da ya kamata kowane mai layi ya haddace, tunda tun 2023 NCC ta daidaita su a dukkan kamfanoni. Da *310# ake duba ragowar kati, da *312# ake sayen data, da *323# ake duba ragowarta. Lambar *305# ita ce ta dakatar da ƙananan hidimomin da ke cire naira ashirin ko hamsin a kai a kai, irin su waƙar jiran kira da saƙonnin wasanni, waɗanda mutane da dama ba su tuna ranar da suka shige su ba. Tura kalmar STOP zuwa 2442 na toshe saƙonnin talla. In an kai kuka ga kamfani ta lamba 300 bai share hawaye ba, layin NCC na 622 kyauta ne. Muna kuma jan hankali a kan aron kati ta *303#, domin akwai ladan da ake cirewa tun kafin kuɗin su shigo, kuma wanda ya mayar da aro ɗabi'a yana biyan ƙarin farashi a kan kowane kira. Haka nan, tun tsakiyar 2025 kuɗin hulɗa da banki ta lambobin tauraro, naira 6.98 a kan kowane zama na minti biyu, daga katin waya ake cire shi, don haka yawan duba asusu ranar jiran albashi yana da nasa farashin.

Ba dole ba ne mutum ya dawwama a kamfanin da bai gamsar da shi ba. Tun watan Afrilun 2013 aka ba mai layi damar ƙaura tsakanin kamfanoni da lambarsa, ko MTN ne, ko Airtel, ko Glo, ko 9mobile da yanzu ake kira T2. Sai dai shawararmu ita ce a gwada kafin a ƙaura, domin araha ba ta da amfani in babu sabis. Kamfanin da ke gudu a Maitama yana iya rarrafe a Masaka ko Kuje, kuma maƙwabci da abokin aiki sun fi allon talla sanin gaskiya. Wanda ke riƙe da layi biyu ya tuna cewa layin da ya yi wata shida ba a yi wata hulɗar kuɗi da shi ba ana iya dakatar da shi, in kuma ya ƙara wata shida ana iya ba wani lambar. Ga ma'aikacin da lambarsa ke haɗe da asusun albashi da na fansho da lambar shaidar ɗan ƙasa, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Sai batun wayar kanta. A Banex da ke Wuse 2, kamar yadda yake a Farm Centre ta Kano da kasuwar kwamfuta ta Ikeja, mai shago zai fara nuna wa mai saye wadda ta fi yawan kyamara. Mai ƙaramar buƙata abu huɗu yake nema: batir mai jure yini guda, irin mai ƙarfin 5,000 da ya zama ruwan dare a ƙananan wayoyin Tecno da itel da Infinix da Redmi da Samsung; ma'adana mai giga 64, don kada ta cika cikin wata uku; ƙarfin aiki na giga 3 ko 4, don manhajar banki ta buɗe ba tare da sandarewa ba; da kuma 4G da gurbin layi biyu. Biyan ƙarin kuɗi saboda 5G, wadda ta fara aiki a ƙasar nan a 2022 kuma har yanzu ta fi yawa a tsakiyar manyan birane, almubazzaranci ne ga wanda aikinsa kira da saƙo ne. Ko da hakan, sabuwar babbar waya mafi araha a yau tana gogayya da albashin wata guda na ma'aikacin da ke matakin ƙasa, abin da ya sa da yawa ke komawa ga ta hannu ko ta bashi.

Duka biyun suna da tarko, kuma araha ba ta ado. Tsohuwar waya mai babban suna tana iya zuwa da gajiyayyen batir, ko manhajar da kamfani ya daina sabuntawa, kuma WhatsApp da bankuna sukan janye daga tsofaffin wayoyi lokaci zuwa lokaci. Mafi muni, tana iya zama ta sata, mai saye ya wayi gari a hannun 'yan sanda. Kada a sayi waya sai an danna *#06# an ga lambar da ta fito ta yi daidai da ta jikin kwali da ta rasit. Wayar biya kaɗan-kaɗan kuwa, a tara kuɗin kafin alƙalami da dukkan biyan da za a yi har ƙarshe, a kwatanta da farashin kuɗi hannu, sannan a sani cewa galibinsu sukan kulle kansu in an makara da biya. Ga wanda albashinsa kan yi jinkiri, wannan na nufin wayar aikinsa ta mutu a daidai makon da ya fi buƙatarta. Babu kuma abin kunya ga mai riƙe ƙaramar waya mai madannai don kira, ya bar babbar don saƙo kawai. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Amma zalunci ne a ɗora wa ma'aikaci dukkan nauyin, kamar dai rashin dabararsa ne ya jawo tsadar. A 2024 NCC ta fitar da ƙa'idar sauƙaƙa tsare-tsaren farashi, wadda ta taƙaita yawan tsarin da kowane kamfani zai riƙe, ta kuma wajabta bayyana ainihin farashi da sharuɗɗan garaɓasa. Muna kira ga shugaban hukumar, Dakta Aminu Maida, da Ministan Sadarwa, Dakta Bosun Tijani, su tabbatar wannan ƙa'ida ta isa ga mai sayen katin naira 500. A wajabta wa kowane kamfani ƙaramin tsari ɗaya na wata guda, mai 'yan mintunan kira da data daidai gwargwado, wanda zai fito a shafin farko na *312#, ba tare da an binne shi a ƙarƙashin garaɓasar tsakar dare ba. A kuma riƙa wallafa kwatancen farashi cikin Hausa da Yarabanci da Ibo, a karanta shi a rediyo. An yi wa jama'a alkawarin ingantaccen sabis a madadin ƙarin kuɗi, kuma haƙƙinsu ne su ga sakamakon a fili.

Gwamnati a matsayinta ta uwar ma'aikata ita ma tana da nata bashin. Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya dage a kan raba aikin gwamnati da takarda, kuma mun goyi bayan hakan. Sai dai duk fayil ɗin da ya bar kabad ya koma intanet, wani ne zai biya kuɗin buɗe shi. Ma'aikatar da ke aika sanarwa ta WhatsApp da ƙarfe goma na dare, ko take kiran taro ta bidiyo ranar Asabar, ta riga ta mayar da wayar ma'aikaci kayan ofis. Adalci shi ne a samar da intanet mai aiki a kowane hawa na sakatariya, wanda masinja zai shiga kamar yadda darakta ke shiga, a haɗa ma'aikatan kowane sashe a tsarin kiran juna mai rahusa da kamfanoni ke sayar wa hukumomi, sannan a ware wa ƙananan matakai ɗan alawus na sadarwa a fili cikin takardar albashi.

Ga manyan da ke da hadimai, ministoci da 'yan majalisa da manyan sakatarori, maganarmu gajera ce. Direban da ake kira sau goma a yini, da mataimakin da ake sa ya tura takardu da hotunan taro daga wayarsa, ba su kamata su riƙa sayen katin wannan hidima daga kuɗin cefanen gidansu ba. Da yawansu nauyin baki ne ke hana su faɗa. Wanda ya ɗora aiki shi ya kamata ya ɗauki kuɗinsa, tun kafin a roƙe shi.

Kafin hukumomi su motsa, muna ba kowane mai karatu shawarar ya ware minti goma a ƙarshen wannan wata, ya buɗe saitin wayarsa, ya rubuta abin da ya ci da abin da ya biya. Tazarar da zai gani tsakanin lambobin biyu kuɗinsa ne, kuma a wannan zamani na tsadar rayuwa, tana iya zama kuɗin motar mako guda daga Nyanya zuwa ofis.