Jinin jikinka ba hatsin rumbu ba ne

Da zarar likita ya ce mai naƙuda na bukatar jini leda biyu, sai ka ga dangin da suka cika barandar asibiti sun fara sulalewa. Wannan ya ce bai karya ba, wancan ya ce shi ma nasa bai ishe shi ba. Ban ɗauke su marasa tausayi ba. Tsoro ne, domin a ganinsu jini kamar hatsin rumbu yake, abin da aka ɗiba ya tafi ke nan.

Su ma masana sun daɗe cikin irin wannan duhu. Fiye da shekara dubu likitoci na bin Jalinus, wanda ya koyar cewa hanta ce ke ƙera jini, gaɓoɓi su shanye shi. Ibn Nafis, likitan Damaskus da ya rasu a Alƙahira a 1288, shi ya ce babu wata ƙofa a bangon tsakiyar zuciya, dole jini ya bi ta huhu. Sai a 1628 William Harvey na Ingila ya tabbatar da cewa jinin zagayawa yake yi, ya dawo inda ya fito.

Mai shakka ya jira layya. Kafin zuciyar ragon ta shiga kasko, ya tsaga ta. Ɗakuna huɗu zai gani, irin na saniya da akuya da nasa. Ɓangaren dama na tura jini huhu ya ɗebo iska, na hagu ya karɓa ya watsa wa jiki ta jijiyoyi, shi ya sa naman hagun ya fi kauri. Mahautan kasuwar Muda Lawal sun san wannan ko da ba su shiga aji ba.

Baligi na da kimanin lita 5 na jini, kuma kusan dukkansa na ratsa zuciya a minti guda. Jajayen ƙwayoyinsa kwana 120 suke yi su mutu, ɓargo na ƙera sababbi dare da rana, ko ka bayar ko ka hana. Ledar da ake ɗiba ba ta kai rabin lita ba. Ruwan jinin kan dawo cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin cikin 'yan makonni, kuma sai an gwada lafiyarka kafin a taɓa ka.

To, me ake tattali? Mata na rasuwa saboda zubar jini wajen haihuwa, ga yara masu sikila, ga waɗanda haɗari ke rutsawa da su a hanyar Jos da ta Gombe. Malamanmu na Juma'a su faɗa wa jama'a, matasan unguwannin Wunti da Yelwa kuma su je Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Asibitin Ƙwararru su bayar, tun kafin mai bukatar ya zama na gidansu.