Sharhi: Tabar laturoni da matasan da ba su taɓa shan sigari ba

Kasuwar Mile 12 da ke Ƙaramar Hukumar Kosofe a Jihar Legas ba ta barci. Tun tsakar dare manyan motoci ke isowa daga Kano, Katsina, Sakkwato da Filato, ɗauke da kwandunan tumatir da buhunan albasa, tattasai da attaruhu. Matasa ne, akasarinsu ’yan Arewa, ke sauke kayan kafin gari ya waye. Masu irin wannan aiki sun daɗe da sanin abin da ke kore musu barci: shayi mai kauri, goro, wasu kuma karan sigari.

A ’yan shekarun nan wani sabon abu ya shigo birnin Legas, wato tabar laturoni. ’Yar na’ura ce mai batir, wata kamar alƙalami, wata kamar ƙaramin kwalin ashana, wadda ke dumama wani ruwa ya zama tururi a zuƙa. Ana sayar da ita a shaguna da wuraren shaƙatawa da kuma ta intanet, da ƙanshin mangwaro ko kankana ko na’a-na’a. Ba ta toka, ba ta barin warin taba a riga. Wannan ne ya sa matashin da bai taɓa kai sigari bakinsa ba yake iya ɗaukar ta a matsayin abin wasa. To, shin mutumin da bai taɓa shan taba ba zai iya kamuwa da jarabar nikotin ta wannan hanya?

Abin da bincike ya nuna

Amsar masana ita ce e. A 2018 Cibiyoyin Kimiyya, Injiniyanci da Likitanci na Ƙasar Amurka sun fitar da babban rahoto bayan nazarin ɗaruruwan bincike. Rahoton ya ce akwai ƙwararan hujjoji cewa amfani da tabar laturoni na haifar da alamomin kamuwa, kuma yana ƙara yiwuwar matashi ya gwada sigarin gargajiya daga baya. Ya kuma nuna cewa kamun na iya zama bai kai na sigari tsanani ba, sai dai na’urorin da aka yi nazari a kansu a lokacin ba su kai na yau ƙarfi ba.

Dalilin kamun yana cikin sinadarin nikotin ne, ba cikin hayaƙi ko ganyen taba ba. Idan aka zuƙe shi ta huhu, yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙu kaɗan, ya sa ta saki sinadarin dofamin mai kawo jin daɗi da ɗan kuzari. Cikin kimanin awa biyu rabin nikotin ɗin ya bar jini. Idan aka yawaita, ƙwaƙwalwa kan sauya tsarinta ta saba da shi, har ya zama rashinsa ne ke kawo damuwa: saurin fushi, rashin natsuwa, kasa mayar da hankali, rashin barci da matsananciyar sha’awar sake zuƙa. Daga nan mai sha ba daɗi yake nema ba, sauƙi yake nema. Ƙwaƙwalwa ba ta tambayar ko nikotin ɗin daga wuta ya zo ko daga batir. Haɗarin ya fi yawa ga masu ƙananan shekaru, domin ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25.

Shingayen da suka rushe

Sigarin gargajiya yana da shingaye da ke korar sabon shiga. Zuƙar farko kan zo da tari da ɗaci da jiri. Warinsa kan tona asiri, kuma a tarbiyyar Hausawa abin kunya ne yaro ya shiga gaban mahaifinsa ko malaminsa ko ubangidansa yana warin taba. Sannan kara ɗaya yana ƙarewa cikin ’yan mintuna.

Tabar laturoni ta rushe dukkan shingayen nan uku. Tun daga 2015, lokacin da na’urar Juul ta fito a Amurka, masu sarrafa ta suka koma amfani da wani nau’i da ake kira gishirin nikotin, wanda ba ya ƙona maƙogwaro ko da an zuba shi da yawa. Ƙanshin ’ya’yan itace ya maye gurbin wari. Na’urar kuma ba ta da ƙarshe irin na kara. Tana aljihu, ana iya zuƙa a ɗaki, a rumfa, a bayan mota, sau da dama a yini ba tare da an ƙirga ba.

Lissafin ma abin dubawa ne. Tarayyar Turai da Birtaniya sun ƙayyade cewa nikotin kada ya wuce miligiram 20 a kowace mililita ta ruwan. Na’urar da aka rubuta wa kashi 5 cikin 100 tana ɗauke da kimanin miligiram 50, wato ninki biyu da rabi na wancan ƙa’ida. Idan ruwanta ya kai mililita 10, jimillar nikotin ɗin da ke ciki miligiram 500 ke nan. Ba duka ne ke shiga jini ba, amma ya kamata a tuna cewa abin da mai shan sigari ke samu daga kara ɗaya bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba.

Hujjar masu goyon baya

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Wani mai harhaɗa magunguna ɗan China mai suna Hon Lik ne ya ƙirƙiro na’urar ta zamani a 2003, da nufin samar wa masu shan sigari irinsa mafita. Hukumomin lafiya na Ingila sun daɗe suna cewa illarta ba ta kai ta sigari ba, tun da babu ƙonewa, babu kwalta. Nazarin ƙungiyar Cochrane na 2022 ya kuma gano cewa tana taimaka wa masu shan sigari su daina fiye da cingam ko filastar nikotin.

Sai dai wannan hujja ta masu shan sigari ce kawai. Babban jami’in lafiya na Ingila, Farfesa Chris Whitty, ya bayyana matsayin ƙasarsa da cewa mai shan sigari gara ya koma tabar laturoni, wanda kuwa ba ya sha kada ya soma ta. Duk da wannan gargaɗi, binciken da masana na University College London suka wallafa a mujallar Lancet Public Health a 2024 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan ɗaya a Ingila suna zuƙar ta alhali ba su taɓa zama masu shan sigari a kai a kai ba. A cikin irin waɗannan manya, adadin ya tashi daga mutum ɗaya cikin 200 kafin 2021 zuwa ɗaya cikin 28 a 2024. A Amurka kuwa, kashi 27.5 cikin 100 na ɗaliban babbar sakandare ne suka ce suna amfani da ita a 2019. Ranar 1 ga Yunin 2025 Birtaniya ta haramta sayar da nau’in da ake yarwa bayan an gama.

Inda Najeriya ta bambanta

A nan ne lamarin ya fi shafar Najeriya. Binciken shan taba tsakanin manya da aka gudanar a ƙasar a 2012 ya nuna cewa kashi 3.9 cikin 100 ne kacal ke shan taba mai hayaƙi, kimanin mutum miliyan 3.1. Ma’ana, fiye da mutum 95 cikin kowane 100 ba sa sha. A ƙasa irin wannan, duk kasuwar nikotin da ke son bunƙasa ba za ta dogara da tsirarun masu neman daina sigari ba. Dole ta nemi sababbin masu saye daga cikin waɗanda ba su taɓa sha ba. Abin da ake tallatawa a Landan a matsayin ƙofar fita, a Legas da Kano ya fi kama da ƙofar shiga.

Dokokin da ke ƙasa kuma an rubuta su ne da tabar ganye a zuciya. Jihar Legas ta yi dokar taƙaita shan taba a wuraren taruwar jama’a a 2014. Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa ta 2015, da ƙa’idojinta na 2019, sun haramta sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, sun hana sayar da sigari kara-kara, sun kuma wajabta hotunan gargaɗi a jikin kwali. A 2018 Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya buƙaci jami’an tsaro su yaƙi shisha da taba mai ɗanɗano. Amma ruwan nikotin da ke cikin na’ura mai batir bai samu irin wannan bayyanannen tanadi ba, kuma ƙungiyoyin farar hula irin su CAPPA mai hedkwata a Legas sun sha kiran a toshe giɓin. Ba Najeriya kaɗai ba ce: a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasashe 34 sun haramta sayar da tabar laturoni, 88 ba su ƙayyade shekarun mai saye ba, 74 kuma ba su da wata doka a kanta.

Ga ɗan dako a Mile 12 ko yaron shago a Agege, illar ba ta tsaya ga lafiya ba. Ya baro gida ne domin ya tara abin aure, ko jari, ko ya aika wa iyaye. Jaraba kuwa haraji ce ta kullum wadda ba ta la’akari da ko an yi ciniki. Idan kuɗin na’ura ya gagara, jikin da ya saba ba zai yi haƙuri ba, kuma mafi arhar nikotin a kusa shi ne karan sigari a teburin mai tireda, inda har yanzu ake sayarwa ɗai-ɗai duk da dokar. Ta haka wanda ya guje wa sigari tun farko zai iya ƙarewa a kansa.

Abin yi

Matakin farko na Majalisar Dokoki ta Ƙasa da Ma’aikatar Lafiya ta Tarayya ne: a shigar da duk kayan nikotin cikin doka ƙarara, a hana sayar wa yara, a ƙayyade ƙarfin ruwan, a taƙaita ƙanshin da ke jan hankalin matasa da tallar da ake yi a shafukan sada zumunta. Na biyu na al’umma ne. Shugabannin kasuwa, sarakunan Hausawa na Agege da Mile 12, limamai da iyayen gida suna da tasiri a kan matasan da ke ƙarƙashinsu, amma sai sun gane na’urar idan sun gan ta, sun kuma san cewa ƙanshin mangwaro ba shaidar tsabta ba ce.

Shi ma mai zuƙa yana da ma’aunin da zai gwada kansa. Idan na’urar ce abu na farko da hannunsa ke nema da asuba, ko hankalinsa na tashi idan batir ya mutu, ko kuma a watan azumi ita yake ɗokin kaiwa baki kafin dabino da ruwa, to kamu ya riga ya faru. Ana iya fita. Wahalar dainawa ta fi tsanani a makon farko, tana raguwa cikin makonni biyu zuwa huɗu, kuma likita ko mai harhaɗa magunguna na iya taimakawa. Sabo dai turken wawa ne, kuma tsinke turken ya fi wuya a kan ƙin ɗaura shi tun farko.