Babba Ma Yana Koyon Magana

Mukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma ina ganin da karin maganan nan muke fakewa mu ƙyale babban mutum wanda magana ta gagare shi.

Bara waccan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama kawuna. Hannunsa na dama ya mutu, magana kuma ta ɗauke. In ya so ya ce ruwa sai wata kalma dabam ta fito, ko kuwa ya yi shiru yana hawaye. Waɗansu suka ce hankalinsa ya taɓu, waɗansu suka ce iska ce. Sai a zauna a gabansa ana shawarar gonarsa kamar ba ya nan, alhali kuwa yana jin kome sarai. Wannan ya fi ciwon kansa ƙona mini rai.

Ba hauka ba ne. Tun 1861 wani likita a Faransa, Paul Broca, ya nuna akwai wuri a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa inda ake harhaɗa magana. Ɓangaren hagun nan kuwa shi ke sarrafa ɓarin jiki na dama, shi ya sa hannun kawu da bakinsa suka tafi tare. Tunani yana nan, hanyar fitarsa ce ta toshe. Akwai kuwa masu ilmin gyaran magana, waɗanda aikinsu ke nan su buɗe ta. Sukan nuna hoto a faɗi sunansa, a maimaita yau, a maimaita gobe, har ma su koya wa mutum haɗiyar abinci ba tare da ya ƙware ba. Gwamma a fara da wuri, amma ko an makara akan samu ci gaba.

Ga kuma masu in'ina, waɗanda muke yi wa dariya a kasuwa. Sarki Joji na Shida na Ingila yana da ita ƙwarai. Yana ɗan shekara 30, kafin ya hau gadon sarauta, ya fara zuwa wurin Lionel Logue, mutumin Ostireliya, a 1926, yana koyon sarrafa numfashi. In'inar ba ta rabu da shi ɗungum ba, amma a 1939 ya yi wa jama'arsa jawabin yaƙi ta rediyo.

To, 'yan'uwana masu koyon malanta, mu ma fa da murya za mu ci abinci. Malamin da ke ihu a aji kullum, muryarsa ta dushe mako uku ba ta dawo ba, lalle ya ga likita, kada ya tsaya ga citta da zuma.

Da hutu nakan ɗauki katunan hotuna na 'yan aji ɗaya in zauna da kawu a zaure, yadda aka nuna mini a asibiti. Ranar farko ya ture su don kunya. Yanzu yana kiran akuya, da fartanya, da sunan ƙaramar 'yarsa.