KADA KA KANKARE HAƘORANKA DON SAYEN MURMUSHI

 

Ya ku 'yan uwa matasa, wani sabon yayi ya kunno kai ta cikin wayoyinku. Kuna ganin 'yan ƙwallon Turai da mawaƙa da 'yan fim suna washe baki, haƙora reras farare tas, har wani ya koma gida yana jin kunyar nasa. To ku sani, da yawansu ba da waɗannan haƙora aka halicce su ba. Wani siririn ɓawon tangaran ne, ana ce masa finiya, da likita ke mannawa a fuskar haƙoran gaba.

Daga ina abin ya samo asali? A shekarar 1928 wani likitan haƙori a Kalifoniya ta ƙasar Amurka, Charles Pincus, ya ƙirƙiro shi domin 'yan fim ɗin Holiwud. A manna musu lokacin ɗaukar hoto, in an tashi a cire. Ka ga ke nan tun farko kayan wasan kwaikwayo ne. Sai a farkon shekarun 1980 aka gano yadda za a sa tangaran ɗin ya kama haƙori gam, ya daɗe bai faɗo ba.

Ga abin da masu talla ba sa faɗa maka. Kafin a manna shi, galibi sai an kankare wajen rabin milimita na farin ɓawon da ya lulluɓe haƙorinka. Wannan ɓawo shi ne mafi tauri a jikin ɗan Adam, kuma in ya tafi ya tafi ke nan, ba ya sake tohowa kamar farce ko gashi. Shi kuwa tangaran, yawanci shekara 10 zuwa 15 yake yi a nemi sabo. Ka lissafa, ya ɗan uwa: mai shekara 25 da ya yi yau, sau nawa zai koma gaban likita da kuɗi a hannu kafin ya kai 70? Ran da babu kuɗin fa? Sai ya zauna da kankararren haƙori mai tsami, ruwan sanyi ma ya gagare shi.

Matasan Ingila sun ɗanɗana. Sun yi ta tururuwa zuwa Turkiyya neman araha, har gidan BBC ya yi shiri a kansu a 2022. Wasu sun je neman siririn ɓawo, sai aka fiƙe musu lafiyayyun haƙora suka koma kamar turaku, aka kifa musu huluna a kai, suka dawo da zogi da kumburin dasashi. Araha ba ta ado!

Kada a yi mana mummunar fahimta. Wanda haƙorinsa ya ɓalle a haɗari, ko ya yi dabbare-dabbare tun yana yaro saboda yawan sinadarin fuloraid a ruwan garinsu, in ƙwararren likita ya ga wannan ne mafita, to magani ne, ba laifi. Malamai sun bambanta gyaran aibi da neman ƙawa: Manzon Allah (SAW) ya yi wa Arfajatu ɗan As'ad izinin sa hancin zinare bayan an yanke nasa a yaƙi, amma hadisin Ibn Mas'ud ya yi tsawa mai tsanani kan goge haƙora a buɗe wushirya don ado kawai.

Saboda haka, in haƙoranka lafiya lau suke, bar su yadda suke. Riƙe asuwaki da buroshi safe da dare, rage goro da zaƙi, nisanci sigari, in sun yi datti je likita ya wanke. In an ce sai an kankare, tambayi nawa za a cire, kuma me zai faru bayan shekara 15. Haƙorin ɗan Adam dama ba fari fat ba ne kamar faranti, kuma ba a ba ka na uku ba bayan ka yi famfara.

Allah Ya ba mu lafiya da wadatar zuci.