Kwalta Ba Ta Rufa wa Mugun Tushe Asiri

Bara war haka, wani maƙwabcina da ya yi ritaya bayan shekara 35 yana aikin gwamnati ya kira ni in ga gyaran da aka yi masa a gida. Tun daga bakin get har ƙofar falo an malala kwalta baƙa wuluk, sai sheƙi take yi. Ya ce wani ɗan kwangila ne ya kawo masa tayi, wai ragowar aikin titi ce ta saura a tifa, zai zuba masa a rabin kuɗi. Yini guda aka gama. Kafin ruwan Agusta ya ɗauke, kwaltar ta tsattsage kamar bayan kada, tankar ruwa kuma ta shigo sau ɗaya ta bar sawun tayoyinta har yau. Kaso mai tsoka na garatutin bawan Allah ya bi ruwa.

Na kawo labarin ne domin yayin shimfiɗa kwalta a harabar gida, da makarantu masu zaman kansu, da layukan da mutanen unguwa ke yi wa karo-karo, yana ƙara yaɗuwa a Kano da Kaduna da Abuja. Mafi yawanmu baƙin da ke sama muke saye, alhali ƙarfin aikin yana ƙasa, inda ido ba ya gani.

Iyayenmu mata da suka yi daɓen ɗaki sun riga injiniyoyi sanin wannan. Sai an share ƙasa, an zuba tsakuwa, an yayyafa ruwa, an yi ta dukanta da madaɓi har ta haɗe, sannan a kawo makuba a shafe. Ba wadda ke shafa makuba a kan ɓurɓushi. Kwalta ita ce makubar. Daɓen shi ne aikin.

Kafin komai, mai gida ya tambayi kansa ko kwaltar ce ma ta dace da shi. Tana da amfani a doguwar mashiga da motoci ke yawan bi, domin ba ta da gaɓoɓin da ciyawa za ta fito. Amma baƙin abu yana shan rana. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ƙaramar haraba mai kwalta takan koma kasko, yara ba sa iya taka ta ba takalmi. A irin wannan wuri intalok ya fi, ga shi idan bututun ruwa ya fashe a ƙarƙashi ana ɗaga shi a gyara a mayar. Yanayin ƙasa ma abin dubawa ne. Baƙar laka irin ta yankin Tafkin Chadi tana kumbura da damina, ta tsage da rani. Duk abin da aka ɗora mata ba a kwashe ta an yi ciko ba, zai bi ta ya tsage.

Idan an tsayar da shawara, tambayar farko ga ɗan kwangila ita ce: ina ruwa zai bi? Ruwan da ya kwanta shi ke sulalewa ƙasa ya jiƙa tushe, tushen ya yi laushi, mota ta taka ya lotsa. Ƙa'ida ita ce a karkata shimfiɗar da kusan santimita 2 a kowace mita, zuwa magudanar da aka gina tun kafin a zuba kwalta. A kuma tabbata magudanar ba gindin katangar maƙwabci ta nufa ba, domin cutar da maƙwabci ba ta zama halal don an yi ta da siminti.

Sai tushe. A kwashe ƙasar sama da saiwoyi, a zuba jar ƙasa ko niƙaƙƙen dutse da kaurinsa bai gaza santimita 15 ba, a jiƙa daidai, rola ta bi ta sake bi. Daga nan a fesa ruwan kwalta mai tsinkewa domin ya kama tushen, a bar shi ya sha. Sannan a kawo haɗin, wato tsakuwa da yashi da aka cuɗa da ɗanyen kwalta kusan kashi 5 cikin 100. Da zafinsa ake shimfiɗa shi, yana barin injin haɗi a kusan digiri 150. Da zarar ya huce, ko rola ta kwana a kansa ba zai haɗe ba. Nan ne asirin "ragowar aikin titi" yake tonuwa: kayan da ya yini a tifa ya riga ya mutu. Saboda haka kuma ba a aikin a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Rani ne lokacinsa.

Ga wani lissafi da zai kare aljihun mai karatu. Kaurin da ya dace da motocin gida shi ne santimita 4 zuwa 5 bayan an danne, ba kafin a danne ba. A kaurin santimita 5, tan ɗaya yana rufe kusan murabba'in mita 8. Ke nan harabar murabba'in mita 200 tana bukatar kusan tan 24. Wanda ya kawo tan 12 ya ce ya gama, rabin aiki ya yi. A rubuta kauri da yawan tan a takardar yarjejeniya, a riƙe wani kaso na kuɗin sai damina ta wuce. Kada kuma araha ta ruɗe mu. Duk da ɗimbin ɗanyen kwalta da ke kwance a Agbabu ta Jihar Ondo, mafi yawan wanda muke amfani da shi daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala. Wanda ya yi maka rabin kuɗi, a wani wuri ya rage.

Bayan an gama, saura kulawa. Man dizal da fetur suna narkar da kwalta, don haka janareta da motar da ke ɗigar mai a yi musu dandamalin kankare. Tifa da tankar ruwa su tsaya a waje. A yashe magudana kafin ruwan farko. Duk tsagar da ta bayyana a cike ta tun tana siririya, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwaltar da aka yi bisa ƙa'ida aka kuma kula da ita tana iya kai shekara 15 ko fiye.

Maƙwabcina yanzu yana tara kuɗin fasa wadda aka yi masa, kafin a zo ga na sabuwa. Ya ce in gaya wa duk mai niyya: ranar daɓen tushe ya ɗauko kujera ya zauna a wurin, ranar zuba baƙin kuwa ko yaro ya wakilta ya isa. Allah Ya tsare mana guminmu.